Gurbin Cindo

Shekara talatin da ɗaya
Cindo na tsaye hagu da ni,
kalangu a hammata, goro a kunci,
ban taɓa waiwayawa in ga ko yana nan ba.
Wa ke duba ƙafarsa kafin ya taka?
Ni dai in ɗaga murya, Ilu da Gambo su yi amshi.

Tun ranar da ya faɗo daga amalanke a hanyar Gujungu
kafaɗarsa ba ta koma daidai ba.
Duk gaɓa ta huɗu sai gula ta makara,
ɗan jinkiri, kamar na mai tsallake kwata da farin kaya.
Ba mu kira shi aibi ba, ba mu ma san da shi ba.
Ashe a ɗan ramin nan nake ajiye numfashi.

Bara da kaka hannun ya fara rawar da ba ta kiɗa ba.
A filin damben Majiya gula ta suɓuce,
ta faɗi gaban ɗan damben da ke naɗa zare.
Yara suka tuntsire.
Ya duƙa ya ɗauka, ya hure mata ƙasa,
ya ce, "Mati, ku nemi yaro."
Muka dawo a babur ɗaya,
iska kaɗai ke magana tsakanina da shi.

Hafizu ya zo daga Ringim,
wuyan hannu kamar tsumagiya.
Ya haddace kiɗanmu kaf daga waya,
ya gaishe ni a durƙushe.
Ba ya makara, ba ya kuskure,
gularsa na sauka kamar ruwan marka a rufin kwano.
Liƙi ya ƙaru, 'yan kallo suka ce mun farfaɗo.
Ni kuwa a baiti na uku maƙogwaro ya ƙafe,
na lalubi ramina, na tarar an cike shi.

Ilu ya shigo da wuri, Gambo ya shigo a makare,
muka yi karo kamar awaki a ƙofa ɗaya.
Gambo ya ce yaron gudu yake.
Ilu ya ce mu ne muka tsufa.
Sati shida ba su sa hannu a kwano ɗaya ba,
kuma ba mai iya nuna laifin yaron,
wannan ne ya fi ba mu haushi.

Ran kasuwa na sami Cindo gindin durumi
yana jiran geron ɗansa.
Yatsunsa shida na ƙwanƙwasa gefen mudu:
ɗaya, biyu, uku, shiru, huɗu.
Na ce, "Zo ka koya wa yaron nan tsayawarka."
Ya yi dariya har goro ya ƙware shi.
"Ciwo zan koya masa?
To ku jefo shi daga amalanke mana.
Kun jingina da gurguwar kafaɗa kun ɗauka katanga ce.
Ku je ku saurare shi."

Daren Laraba, a bikin mahauta a Taura,
na rufe bakina baiti guda, na bar masa fili.
Sai na ji: kafin ya matse tsarkiya
yakan ɗan ɗaga gwiwar hannu,
ƙiftawar ido, a gaɓa ta biyu.
Ƙofa ce gajera, sai an sunkuya.
Na gwara kai sau biyu, na shiga.
Gambo ya biyo ni, Ilu na baya yana nishi.

Yanzu har Haɗeja ana kiranmu.
Ba zan ce ya fi ba, ba zan ce bai kai ba.
Waƙa biyu dai na ajiye,
ba sa zama sai a kan waccan kafaɗa.
Yaron na tsayawa hagu da ni,
ni kuma da ban taɓa waiwaye ba,
yanzu duk ƙarshen baiti
sai na juya na dube shi.