Kafin Faifai Ya Faɗi

Ni ne mai goge ƙanƙara a garin nan na bakin kogi.
Shekara ashirin da uku ina kewaya filin hoki da injina,
in bar shi sumul kamar madubin da ba a huci a kansa ba.
Daga ƙofar da nake tsayawa ƙeyar kowa nake gani,
ƙeya kuwa ba ta iya ƙarya irin ta fuska.

Daren Asabar yaran tsallake suka iso daga Minesota,
sanduna a ɗaure, gemu bai ko fara tsiro ba.
Gada ɗaya ce tsakaninmu da su,
mun auri nasu, sun binne namu.
Amma bana manya sun yi cacar baki kan kuɗin fito,
aka rufe sashe guda a masana'antar katako,
mutum arba'in suka dawo gida tun hantsi
da abincin ranarsu ba a buɗe ba.

Solange ta tako kan jan kafet, shekararta sha huɗu,
makirfo na rawa a hannunta.
Ƙa'ida ce: taken baƙo a fara, na mai gida ya biyo.
Ba ta kai ƙarshen layin farko ba
ihu ya gangaro daga kujerun sama.
Wani na dukan katako da ƙafa,
wani ya ƙara danna hularsa,
wani na taunar soyayyen dankali da ƙarfi don a gani.

Armand Desrosiers ya fi kowa murya.
Na san shi, yana cikin arba'in ɗin nan.
Ban ce ba shi da ciwo ba.
Sai dai wanda ya yanke shi yana can a ofis mai ɗumi,
ba ya cikin yara sha takwas da suka jeru kan shuɗin layi,
kwalkwali a hammata.

Mai tsaron ragarsu, Kelby Haugen,
ya kafe takalminsa da ido, leɓɓansa na motsi.
Bai daina ba.
Solange ma ba ta daina ba.
Muryarta ta tsage a inda waƙar ke hawa tudu,
ta ɗinke ta, ta wuce.

Da namu ya zo, kowa ya miƙe ƙyam,
huluna suka sauka, har da masu hawaye.
Ni dai bakina ya ƙi buɗuwa.
Mai son a girmama tutarsa,
da me ya auna ta maƙwabci ɗazu?

Mun ci su huɗu da biyu.

To, al'adar gasar ce baƙi su kwana a gidajen gari,
tun kafin sanyi aka rubuta sunaye a takarda.
Na fita zubar da dusar da na kankaro,
sai ga Armand yana kankare gilashin motarsa,
yaron nan tsaye a gefe da jakar da ta kusa kai shi tsawo.
Ba wanda ya kalli wani.

Armand ya karɓi jakar, ya jefa a baya.
"Matata ta yi miyar wake," ya ce wa taya.
"Na gode, yallaɓai," in ji yaron.
"Ƙwallon na uku ba laifinka ba ne."
"Na sani."

Cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci
Armand ya cire hula, wai zai sosa kai.
Ya gama susar.
Hular tana hannunsa har injin ya yi zafi.

Na koma ciki, na hau kujerata.
Zagaye tara, duk zanen takalma ya ɓace,
har inda aka zub da jini kaɗan kusa da raga.
Na kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya.
Abin da ya maƙale a ƙarafan rufi kuwa,
ba a ba ni injin goge shi ba.