Sikeli a Tsibirin Vava'u

Siosaia ya hau sikelina da sassafe,
allurar ta zarce inda lambobi suka ƙare.
Ya yi dariya: "Likita Lesieli, ƙarfenki ne ya gaji."

Na san shi tun yana jan kwalekwale shi kaɗai,
ya dawo da kifi har maƙwabta su ce ya isa.
Yanzu kifin na otal ne, na baƙi,
shi kuwa ya biya kanti
ya sayo haƙarƙarin tunkiya da jirgi ya kawo a daskare,
kitse zalla, ga araha.

Na rubuta masa: rage zaƙi, rage maiƙo, taka ƙasa.
Ya ninke takardar ya cusa aljihu
kusa da canjin da ba ya sayen ganye.

Talata zan tsaya gaban kwamiti a Nuku'alofa.
Za su ce haraji, in ce to,
amma wanda ya ɗora wa kitse kuɗi
ya sauke wa kifi.
Ciki ba ya jin wa'azi.

Ƙafa uku na yanke a watan nan.
Ta Siosaia tana nan tukuna,
babban yatsan dai ya soma baƙi.