Sakatar Jirgin Alzuma

Tun da hantsi Alzuma ya aiko yaro,
wai in zo Gamkalle da kayan aiki,
ƙyauren jirginsa ya daina jin magana.

Jirgin ba kwalekwale ba ne.
Daɓen katako ne bisa dogayen ganguna biyu,
da rumfar kwano, da shingen ƙarfe iya ƙugu,
yana kai masu shan iska ƙarƙashin gada ya dawo da su.
Ƙofa ɗaya gare shi, ƴar mitsitsiya,
ita kaɗai ce tsakanin ɗan mutum da ruwan Isa.

Na tura sakata. Ta tafi, ta toge,
kanta na dungurin leɓen rami,
kamar baƙon da ya yi sallama ya ƙi shiga zaure.
Na ce tsatsa ce.
Kowa tsatsa yake fara zargi.
Na bi ta da magagari har ta yi fari,
na ɗiga mata baƙin mai daga gwangwanin tumatir.
Ta yi sulɓi, ta yi sheƙi,
ta je ta tsaya inda ta tsaya ɗazu.

Na bi notuna ɗaya bayan ɗaya.
Na ƙasa haƙoransa sun cinye,
na lalubo wani a aljihu,
na ɗaure har jijiyar hannu ta miƙe.
Shiru.

Alzuma na kan jarka, yana fifita gawayin shayi.
Ya ce, faɗaɗa ramin mana mu huta,
ƙarfe huɗu ƴan makaranta za su zo.
Na ɗauki magagari, na ajiye.
Tsohon da ya koya mini wuta a Tawa ya kan ce:
wanda ya faɗaɗa rami don sakata ta shiga
ya ba iska mabuɗi.

Ƴarsa Barira na zaune tsakiyar daɓe tana gwaguyar goruba.
Ta suɓuce mata.
Ba wanda ya taɓa ta, ba iska, ba igiyar ruwa,
goruba ta gangara a hankali
kamar wadda aka aika,
ta je kusurwar hagu ta kwanta.

Na daɗe ina kallonta.

Na kwanta rub da ciki, na leƙa ƙasa,
na ƙwanƙwasa gangar dama: ƙwal, ƙwal, wayam.
Na ƙwanƙwasa ta hagu: dim.
Ciki ya ɗauka.
Can wajen ɗinkin walda, inda kainuwa ta taru,
huda ce da ba ta kai idon allura biyu ba.
Ganga ta sha, daɓe ya murɗe,
ginshiƙin ƙofa ya sauka faɗin yatsa guda,
ita kuwa sakata tana nan kan gaskiyarta,
ramin ne ya ƙaura.

Muka zura tiyo. Ni na zuƙa,
bakina ya cika da laka da ɗanɗanon ƙarfe.
Bokiti talatin da bakwai, Barira ce ta ƙirga.
Jirgi ya ɗago kafaɗa sannu sannu
yadda raƙumi ke tashi da kaya.
Na liƙe hudar da roba da kwalta,
na ce Talata a jawo shi tudu a yi masa wuta.

Sannan na sa ɗan yatsa ɗaya, na tura.
Ƙyat.

Alzuma ya ƙirgo jika guda ya miƙo.
Na ce, da ganga fa?
Ya ce, ni sakata na kira ka.
Muka yi dariya, na sha shayin, ya yi sanyi.

La'asar sakaliya suka iso da hayaniyarsu.
Ban tafi ba, na tsaya a gaɓa da jakata.
Wani ƙaramin yaro mai takalmi ɗaya ja
ya je ya jingina ƙirjinsa duka a kan ƙyauren,
yana leƙen ruwa ko zai ga dorina.
Na bi bayansa da ido
har inuwar gada ta rufe su.