Kunnen Kawu Makki

Kawu Makki bai taɓa hawa jirgi ba.
Kakansa da ƙafa ya taso daga yamma, zai sauke farali,
guzuri ya ƙare a bakin Nilu, ya kafa bukka ya zauna.
Jikan kuwa, ƙafa a ƙasa, wuya a sama,
tun yana yaro ake cewa
wata rana rijiya za ta karɓe shi garin kallon gajimare.

Shagonsa na gyaran fanka yana Sawra, arewacin Omdurman.
Bango uku, duk hotunan da ya yanko daga tsofaffin mujallu:
mai hanci a buɗe kamar bakin tulu,
mai fiffike a kwance baya kamar tsattsewa,
mai ciki kamar saniyar da ta kusa haihuwa.
In ɗaya ya tashi daga Wadi Sayyidna
sai ya ajiye filaya, ya lumshe ido.
"Mig ne. Ji yadda yake keta sama kamar sabon yadi."
"Wannan Antonof, tsoho mai tari."
Mun sha gwada shi. Bai taɓa faɗuwa ba.

Daren Alhamis na fim ne,
yaƙin duniya a kaset, baƙi da fari, hoton yana yayyafi.
Mu a tabarma, shi a kan angarib,
yana tsayar da fim a tsakiyar wuta don ya yi gyara:
"Ƙarya suke! Wannan samfurin
sai bayan shekara biyu aka ƙera shi."
Da safe wurin Hajja Batul mai gahawa
ya kurɓi jabana, ya buga cinya:
"Ƙasar da ba ta da jirgin yaƙi
ɗaki ce ba jinka."

Sai wata Asabar cikin azumi
jinkar ta fara zubo mana a ka.

Kunnen da muke wa dariya ya zama na unguwa.
Mata su leƙo ta katanga, ludayi a hannu:
"Kawu, wanne ne?"
"Wucewa zai yi, ku koma kan tukunya."
Ko kuwa: "Ya sauke murya. Ku kwashe yara. Ƙarƙashin gado."
Yana ƙirga da yatsu, ɗaya, biyu, har bakwai,
sannan ƙasa ta amsa.

Ran nan wani abu ya zo da babu shi a bango.
Ƙararsa kamar sauro,
kamar janareton gidan da ke bayan layi,
ba matuƙi, ba wanda uwarsa ke jira.
Kawu ya karkata kai, ya daɗe.
Ya ce, "Ban san shi ba."
Gidan burodin Abdulƙayyum ne,
lokacin da layi ya fi tsawo.

Da aka dawo da wuta bayan kwana goma sha ɗaya
ya sa kaset shi kaɗai. Na tsaya a ƙofa.
Wurin nan da matuƙi ke danna maɓalli,
can ƙasa farin hayaƙi na tohowa kamar auduga,
wurin da muke tafi.
Ya tsayar. Ya kai fuska jikin gilashi
yana neman wani abu cikin ɗige-ɗigen.
"Shekara talatin ina kallon nan," in ji shi,
"ban taɓa tambayar gidan waye ba."

Bai yage hotunan ba.
Na zaci zai yage.
Yana nan yana naɗa wayar fanka, ko da babu mai kawowa.
Har yau in sama ta yi ƙara
wuyansa ke riga zuciyarsa ɗagawa,
idon ya yi hasken nan na ɗan shekara tara,
sannan ya tuna,
ya sunkuyar da kai,
ya fara ƙirga.