Ƙota da Gwiwa

A asibitin ƙashi, bayan azahar,
Likita Tanimu ya ɗaga hoton gwiwar Baba,
ya kara shi da hasken taga.
Ga ƙasusuwa biyu sun cinye juna,
kamar dutsen niƙa da ɗansa
da aka daɗe ana gurzawa babu hatsi a tsakani.

Ya buɗe akwati.
Gwiwoyin ƙarfe ne a jere, guda shida,
sai sheƙi suke kamar sababbin cokula.
Ya ce, “Ta huɗu ta yi maka kaɗan,
ta biyar ta yi maka yawa.
Ƙashinka ya buɗe ta ciki, ya tsuke ta waje,
ga kuma ’yar gwamar da ka zo duniya da ita.”

Baba Barmo ya karɓi ɗaya,
ya shafa ta da babban yatsan nan
da gizago ya raba da rabin farcensa.
“Wa aka auna?”
“Mutanen wasu ƙasashe. Dubbai.”
“Suna zaman tahiya?”
Likita ya gyara tabarau.
“Galibinsu bisa kujera suke zama.”

Shekara arba’in Baba na sassaƙar ƙota a Ƙofar Guga,
bai taɓa ba manoma biyu iri ɗaya ba.
Sai ya ce miƙe, sunkuya,
yi kamar kana bin kunya.
Ya duba inda kafaɗarka ke karkata,
sannan ya shiga tarin itace
ya nemo reshen da ya tanƙwara irin taka tanƙwarar.
Ta bahago daban.
Ta dogo mai ciwon baya daban.

“Ƙotar da ba ta san hannu ba,” in ji shi,
“kanta take haifa.
Ramin da ya fi ƙarfin ruwan fartanya kuwa,
sai girgiɗi, sai girgiɗi,
ranar da aka fi bukatarsa ya fice.
Kai ma masassaƙi ne, Likita.
Itacenka ne dai ke jin zafi.”

Likita bai yi dariya ba.
Ya jawo takarda, ya durƙusa kan siminti da farar rigarsa,
ya ce, “Lanƙwasa mini iya inda za ta je.”
Ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa.
Ya ce akwai masu ƙerawa daidai da ƙashin mutum,
amma da nisa, da tsada,
kuma ba zai yi alkawarin sujada ba.

Da magariba Baba ya yi salla bisa kujerar roba,
goshinsa ya tsaya a iska,
taki uku tsakaninsa da buzun da ya san shi.

Ni kuma da na sallame
na janye wando, na dubi tawa gwiwar.
Ga gwamar nan, a hagu,
ba ta cikin akwatin kowa.