Ranar Sunan Maɓallai

A saman shagon Bappayo, a Jekadafari,
inda fanka ke juyi kamar an yi mata dole,
na gaji aikin da Gidado ya bari ya tafi Legas:
manhajar dillalan hatsi,
maɓalli arba'in da bakwai, babu mai sunan kirki.

Wannan ya kira shi "abu".
Na gefensa "abu2".
Can ƙasa akwai "sabon_abu_na_ƙarshe",
a ƙarƙashinsa kuma "na_ƙarshe_wallahi".
Wani ja ne, ya sa masa "ɗan_ja",
aka sake launi, ya koma shuɗi, sunan na nan,
kamar mutumin da ake kira Yaro har ya yi furfura.

Kakata a Kumo ba ta san kwamfuta ba,
amma tumakinta goma sha ɗaya
ba ta taɓa kiran biyu da suna ɗaya ba.

Na ɗauki littafi na gangara Tudun Hatsi.
Adda Dijatu mai wake ta miƙo mini waya:
"Wannan da aka rubuta Fasa, ni ba na taɓa shi.
Dubu arba'in na sayi wayar nan."
Na ce fasa ciniki ake nufi.
Ta ce, "To rubuta haka mana, ko tawada ce ta ƙare?"
Malam Iliya kuwa wata biyu yana kewaye Share.
Turancin Gidado ne, wai a tura wa abokai,
shi ya karanta da Hausa,
ya ga tsintsiya a kan lissafin masararsa.

Na dawo da ƙaiƙayi a wuyan riga,
na rubuta doka, na manna a bango:
fara da jinsi, maɓalli ne, akwati ne ko taga,
sannan aikinsa. Launi ba suna ba ne.
Abin da ka kira "ajiye" a shafin farko
kada ya wayi gari "adana" a na uku.

Daren nan na yi suna, ba rago, ba goro.
maɓalli_ajiye_farashi.
akwati_sunan_dillali.
taga_tabbatar_da_biya.
Ina kira, suna amsawa, har aka yi kiran assalatu.

Saura ɗaya, "abu2".
Na danna, shiru. Na cire shi, komai ya rushe.
Na buga wa Gidado, ya yi dariya cikin hayaniyar motoci,
ya ce shi ma ya manta.
Na mayar da shi wurinsa a hankali,
na sa masa "tambayi_Gidado",
na kashe fanka.