Rai Uku a Gangare

A shagon Ɗantala, can ƙasan layin Gangare,
talabijin ɗaya ce, mai ƙatuwar ƙeya,
sai an mare ta a kunne take kawo launi.
Naira biyar, rai uku.
Ba ragi, ba bashi, ba ɗan gidan wane.

Ni da Gyang muke haɗa kuɗin tara.
Shi ya riƙe madannin da aka ɗaure da roba,
ni in hura kaset kamar mai tayar da garwashi.
Sanyin Jos na cizon yatsu,
mu ko a jikinmu.

Wani ɗan taliki ne a allo, bai fi ɗan yatsa ba,
kai kamar bulo, ido ɗigo biyu.
Ba ya gaisuwa, ba ya tambaya.
Gudu ya sani, sai tsalle.
Rami a gaba, tsalle.
Ƙaya a gaba, tsalle.
Dutse na reto a sama, ba igiya ba ginshiƙi,
ba wanda ya ce don me.
Mu da muka tashi muna ɗare duwatsu,
muna raɓe bakin ramukan kuza duk da kashedin iyaye,
tun ranar farko muka ji yarensa.

Daɗinsa ke nan, ba ya maguɗi.
In ka faɗa, kai ka faɗa.
Ba hannun maƙiyi, ba son kan alƙali,
babban yatsanka ne ya makara da ƙiftawar ido.
Sau arba'in rami ɗaya na haɗiye ni,
na arba'in da ɗaya na dira a hayi,
Gyang ya kurma ihu
har mai shayin ƙofa ya ɓarar da madara.

Sai dai wasan ba ya riƙe alheri.
Ka kai ƙofar dodo na bakwai, zuciya na dakan uku-uku,
wuta ta ɗauke, ɗif.
In ta dawo ga ka a bakin hanya,
tamkar ba ka taɓa zubar da gumi ba.
Kiɗansa kuwa, ƙwaya huɗu da ake ta juyawa,
ya bi ni har ɗakin jarrabawar lissafi.
Sha biyu na ci cikin ɗari.
Kunnena ya shaida hannun Inna.

Yau ina gyaran waya a Taminus.
Na tsinci sabon wasa da aka ɗinka wa tsohuwar riga,
bulo-bulo, tsalle-tsalle, har da kiɗan.
Na miƙa wa Kubura da rawar jiki, kamar mai ba da gado.
Ta faɗi sau uku, ta dawo min da wayar:
Baba, wannan ai mugunta ce.
Ina ake ajiye inda mutum ya tsaya?
Kuma na bar zinare a baya, ya ƙi bari in koma.

Na buɗe baki, ban sami amsa ba.
Shekara ashirin da ɗoriya ban lura ba:
allon gaba kawai yake tafiya,
abin da ka wuce sai ya zama bango.
Shagon Ɗantala yanzu kemis ne.
Gyang, an ce yana Bukuru, an ce Abuja,
lambarsa ta tafi da wata waya da ban iya gyarawa ba.

Ƙarfe ɗayan dare.
Wayar wata hajiya na buɗe a kan tebur, cikinta a waje,
na yi alkawarin gobe da safe.
Yatsan ya tsufa, ramin bai tsufa ba.
Ya haɗiye ni. Ya sake.
Allo ya yi baƙi, yana ƙirge daga tara zuwa ƙasa.
Na san na gaji, na san ba kowa a gefena da zai yi ihu.
Yana kaiwa biyu
na danna.